Tambaya da Amsa: In ɗauki wanda zai duba min plan kafin a fara gini?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Maradi ne amma kasuwanci ya riƙe ni a Kwatano. Ina da fili a unguwar Ali Dan Sofo, ina so in ɗora bene hawa ɗaya, ƙasa shaguna sama iyali. Ɗan kwangila ya turo min plan ta WhatsApp da lissafin kaya ya ce in turo kuɗi a fara tona, ni kuma wallahi layuka kawai nake gani. Abokina ya ce in ɗauki injiniya na kaina ya duba, ƙanena ya ce ɓarnar kuɗi ce shi zai tsaya min. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Ka bi maganar abokinka, kuma tun yanzu kafin a sari ƙasa. Ƙanenka zai tsare maka amana, zai ƙirga buhunan siminti ya ga ba a kwashi yashi ba, amma in ba karatun gini ya yi ba, ba zai gane poto, wato ginshiƙin kankare, ya yi siriri ko ƙarfe ya yi kaɗan ba.

Sharaɗi ɗaya ne ban yarda a taɓa ba, kai za ka nemo mutumen kuma kai za ka biya shi. In ɗan kwangila ya ce ai yana da injiniyansa zai kawo maka, ka yi godiya ka ce a'a, domin wanda ke cin abinci a hannun mutum da wuya ya fito da kuskurensa.

Abin da aka turo maka ina zaton zanen ɗakuna ne kawai, wanda santimita 1 a takarda ke nufin mita 1 a ƙasa. Bene yana buƙatar wani zanen daban na ƙarfe da kankare, wanda zai nuna zurfin tushe, faɗin poto, ƙarfe mai lamba 10 ne ko 12 ko 14, guda nawa, da kaurin dal, wato kankaren da ake zubawa a kan hawan ƙasa ya zama daɓen hawan sama. In babu wannan to magini da ido zai yi, kuma nan ne ake yin asara har ta rayuka, Allah ya kiyaye. Injiniyanka ya haɗa zanen da lissafin kayan ya ga sun yi daidai, misali kankaren poto da dal an saba zuba kilo 350 na siminti a mita kubik ɗaya, wato buhu 7 masu kilo 50, in ya ga an rubuta buhu 5 sai ya tambayi dalili.

Sannan ya taka ƙafa ya je filin. Ƙasar Maradi ba iri ɗaya ba ce, ta tudu jigawa ce mai rairayi, ta wajen gulbi kuma laka, ai ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi garin daga fadama aka hau tudu. Ya duba inda ruwan sama ke bi da damina, tsawon daɓe bisa titi, inda ramin masai zai zauna, da hanyar bututu da wayar wuta, don kada a gama shafe a dawo ana fasa bango. Kai ma ka sa ya zauna da uwargida ya yi mata bayanin zanen, ita ta san inda madafa da tsakar gida ya kamata su kasance, taga mai kallon yamma kuma kowa ya san yadda take dafa ɗaki a watan Afrilu.

Ku yi yarjejeniya a rubuce, ya ba ka gyare-gyarensa a takarda, ɗan kwangila ya gyara plan, sannan a nemi izinin gini a ma'aikatar magajin gari. In da hali ka riƙe shi har lokacin aiki, ya zo ya ga ɗaurin ƙarfe kafin a zuba kankare, kuma kada ka saki kuɗin kowane mataki sai ya kira ka ya ce ya gani da idonsa.