Kada ka taɓa sukurun da ke da liƙi

Ka tambaye ni, yaro, me ya sa jiya na mayar da aiki biyu alhali kasuwa ba ta ci: talabijin ɗin dattijon nan na ƙi buɗewa, na Hajiya kuma na ƙi rubuta mata takardar cewa aibin daga kamfani ne. To zauna ka ji.

Na dattijon murya tana fita, hoto babu. Ka ga na kashe fitilar shago na haska gilashin da tocila daf da daf, sai ga inuwar mutane tana motsi can ciki. Ma'ana allon lafiyarsa ƙalau, ƙananan fitilun da ke bayansa ne suka mutu. Aiki ne mai sauƙi a gare mu. Amma talabijin ɗin bai shekara ba, rasit ɗinsa yana hannu, lambar da ke bayan akwatin ta yi daidai da ta katin garanti, kuma liƙin da ke kan sukurun bai tsage ba. Da na sa sukundireba a wurin, na cinye masa haƙƙinsa kenan: mai kanti zai ce wani ya yi wasa a ciki, kuma ba shi da laifi in ya faɗi haka. Sai mu karɓi 'yan sefa kaɗan, shi ya yi asarar gyaran kyauta ko canji.

Shi ya sa na ce ya koma inda ya saya, ya sa a rubuta masa ranar da aka karɓi kayan. Mutanenmu kunya take kashe su, sai a ce "ƙaddara ce" a haƙura. Ba roƙo zai je yi ba. A nan Kamaru akwai dokar kare mai saye ta 6 ga Mayu 2011, kuma in mai kanti ya yi ta ja masa rai, ofishin ma'aikatar kasuwanci yana nan Garwa, a kai ƙara da rasit. Tun kafin dokar ma, malamanmu na Malikiyya sun karantar da cewa kayan da aka samu da tsohon aibi ana iya mayar wa mai shi. Sai dai wanda ya tsallaka Mubi ko Yola ya sayo don araha, ya sani sau da yawa garantin can ya baro shi.

Na Hajiya daban ne. Layuka ne a tsaye daga sama har ƙasa, kuma da na kwantar da shi na duba gefen ƙasa, ga farin gishiri-gishiri da alamar kore a bakin firam. Ruwa ne. Ƙurar hunturu ta rufe gilashi, aka fesa ruwa aka goge, ya gangara ya zauna kan siraran ribon, wato shimfiɗaɗɗun wayoyin da ke manne da allon, ya cinye su. Ita kanta ba ta musa ba, cewa ta yi in taimaka. Na ji tausayinta, don canza allo kusan kuɗin sabo ne. Amma in na rubuta ƙarya, ma'aikacin kamfani da ya buɗe abin da zai fara gani kenan. Haka tsawa ko wutar da ta dawo da ƙarfi: fis ya tsinke, gefensa ya yi baƙi. Haka faɗuwa: tsagar takan taso daga wuri guda ta bazu kamar saƙar gizo. Kowanne da tambarinsa. Ko da ma ya wuce ba a gane ba, kuɗin wani ne aka ci da sa hannuna, kuma ka san hadisin wanda ya yi mana algus. Gobe in na rubuta wa mai gaskiya takarda, wa zai yarda da ita?

Daga yau duk talabijin da ya shigo, kafin ka ɗauki sukundireba ka tambayi yaushe aka saya, ka juya bayansa ka duba liƙin. Na Hajiya kuwa ka nemo min allo mai inci ɗaya da shi a cikin matattun da ke bayan shago, ko za mu rage mata kuɗin.