Amsa ga ƙanwata ta Idi-Araba mai son binciken sankarar hanji

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce kin gama digiri a Kwalejin Likitanci ta Idi-Araba, kina son fitowa ki yi bincike kan yadda sankarar babban hanji ke yaɗuwa, amma kin rasa ta ina za ki ɓullo.

Ina Utrecht ta ƙasar Holan. A garin nan ne, a 2007, ɗakin binciken farfesa Hans Clevers ya gano LGR5, alamar uwayen ƙwayoyin da ke sabunta cikin hanji duk bayan 'yan kwanaki. A 2009 suka tsirar da ɗan ƙaramin hanji a faranti daga irin wannan ƙwaya guda ɗaya. Irinsa nake kiwo yanzu. Ko ranar sallah sai na leƙa na sauya musu ruwan abinci, ba ni da maraba da mai kiwon raguna a Agege.

Sau da yawa cutar tana farawa ne idan ƙwayar gado ta APC ta lalace. Ita ce birkin siginar Wnt mai umartar ƙwayoyi su hayayyafa, in ta tsinke sai ƙwayoyi su yi ta hayayyafa. Ƙwayoyin gado na KRAS da TP53 su biyo sahu wajen lalacewa, daga baya jini ya kwashi wasu ya sauke su a hanta. Kada ki cika wasiƙarki ta neman gurbin bincike da wannan, farfesan da za ki rubuta wa ya haddace shi tun kina firamare.

Ga abin da zai sa ya gyara zama. Binciken da likitocin Ile-Ife suka yi da Memorial Sloan Kettering, cibiyar sankara ta New York, wanda ya fito a 2021, ya nuna lalacewar APC ba ta kai yawan ta marasa lafiyar Amurka ba a jikin 'yan Najeriya. To me ke ingiza uwayen ƙwayoyin a jikin mutanenmu? Wannan tambayar taki ce, ke da ke kusa da majinyatan.

Sai ƙwarewar hannu. Ki nemi gurbi a NIMR, cibiyar binciken likitanci ta ƙasa da ke Yaba, ko da ba ko sisi, ki koyi PCR (dabarar ninka DNA) da kiwon ƙwayoyi. Ni watana na farko duk farantaina suka yi fumfuna, kunya kamar in nutse.

A nan Holan digirin dakta aiki ne mai albashi na shekara 4, amma sai da digiri na biyu. Ki turo min wasiƙar in duba kafin ki aika. A gaishe da su Hajiya.