Ango da amarya sun ƙi sakin jiki a gaban kyamara, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto a Zariya, yawanci na suna da na saukar karatu. Yanzu na samu aikin biki na farko, amma da muka fita hoton kafin aure sai ango da amarya suka sandare kamar masu hoton fasfo. Saura wata guda biki. Yaya zan yi mu saba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Garaje ka yi, ka fito da kyamara tun ba su san ka ba. Wanda bai taɓa zama da kai ba, in ka ce ya yi dariya, yaƙe zai yi maka.

Nemi zama da su, ka bar jakar kyamara a gida. Kada ka kira amarya kai tsaye, bi ta hannun ango, ita kuma ta zo da babbar ƙawarta. In a zauren gidansu ne ma ya fi, don manya su ga fuskarka. Tambayi yadda suka haɗu, ka ƙyale ango ya yi ta zuba, kai kuwa hankalinka na kan amarya. Lura da abin da ke sa ta dariya, da yadda take jan mayafi ta rufe baki, da gefen da take juya fuska in kunya ta kama ta. Ranar hoto, ƙawar nan ce za ta tsaya a bayanka tana tsokanarta da wannan labarin, kai naka danna maɓalli.

Sai babbar magana: ba a ɗaura musu aure ba tukuna. Malamai da yawa na sukar hoton kafin aure saboda riƙe hannu da jingine-jingine, kuma akwai gidajen da ba sa yarda ko kaɗan. Wataƙila ma abin da ya sandarar da su ke nan, ka sa su tsayuwar da ka gani a Instagram, ita kuwa tana tunanin idon Baba. Tambaye su iyakarsu tun a zaman farko. Ita a zaune shi a tsaye daga baya, ko suna tafe da tazara a tsakani, duk suna yin kyau. Ja da baya da gilashin 85mm, wato gilashin kyamara mai jawo abin da ke nesa kusa, mai kunya ta fi sakewa in ba ka tsaya mata a ka ba. Ku sake fita bayan la'asar, wajen ƙarfe 5, lokacin rana ta yi sanyi.

Biki kuma na dangi ne, don haka sai ka san gidajen biyu. A karanto maka jerin shagulgulan, kamu, sa lalle, yini, dina, kai amarya, buɗar kai, da wuri da lokacin kowanne. A kowane gida akwai gwaggo ko yayar da maganarta ce ke tafiya, ka je ka gaishe ta. Tambayi ko namiji zai shiga taron mata, in a'a, ka nemo mace mai hoto tun yanzu. A gaya maka matan auren da ba sa son a ɗauke su. Ɗaurin aure kuwa 'yan mintoci ne, in ba a nuna maka waliyyin amarya da wakilin ango tun kafin a zauna ba, sai dai ka ji an shafa fatiha kana ɗaukar 'yan kallo.

Batun ɗora hoto a intanet, ni da kaina na sha. Na taɓa sa hoton wata amarya don tallar aikina da izinin ango kaɗai, kafin magariba kawunta ya iso shagona. Tun daga ranar, sai su biyun sun amince a rubuce, ko da ta WhatsApp ne. A saƙon nan kuma a haɗa da kuɗin aiki, da kafin alƙalami, da adadin hotuna, da ranar da za ka miƙa albam.