Ku Tambayi Kicin: Corned Beef da Kabeji

Tambaya: Maƙwabtanmu kan dafa corned beef da kabeji duk ranar 17 ga Maris, yara kuma sun matsa sai na yi musu. Ban samu na halal ba. Ko na gwangwani zai yi? (Uwargida daga Bronx, New York)

Amsa: Hajiya, bar na gwangwani wa burodi da ƙwai, shi niƙaƙƙen nama ne da aka riga aka dafa. Na maƙwabtanki ƙirjin saniya ne, guntu guda, da ya kwana bakwai cikin ruwan gishiri. Abincin 'yan Ayalan mazauna Amurka ne na bikin Saint Patrick, waliyyin ƙasarsu, da ake yi ranar 17 ga Maris. A can gida naman alade suka saba haɗawa da kabeji; da suka cika New York a ƙarni na 19 sai suka koma sayen na saniya wurin mahautan Yahudawa, don ya fi musu araha.

Ki je wurin mahaucinki na halal ki sayi ƙirji kilo 2, kada ya feɗe kitsen duka. Ki tafasa ruwa lita 2 da gishiri giram 200, sukari giram 60, tafarnuwa ƙwaya 5, masoro cokali 1, kanumfari 6, ɗan guntun kirfa, citta da ganyen bay 3. Ki sauke, ki zuba giram 10 na gishirin adana nama, wanda ake sayarwa da sunan Prague Powder mai lamba 1. Shi ke sa naman ya fito ja, ya kuma hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Da sikeli ake auna shi, ba da ido ba, don yana ɗauke da sinadarin nitrite, wanda yawansa guba ne. Kuma ba shi ne jan gishirin Himalaya ba, kalar ce kawai ta zo ɗaya.

Sai ruwan ya huce sarai za ki tsunduma naman, a roba mai murfi ko kwanon gilashi. Ki danne shi da faranti kada wani ɓangare ya leƙo sama. Firij, kwana 7, kina juya shi kullum. Wato idan ranar 17 kike so, ranar 10 za ki fara.

Tambaya: Na dafa nawa awa biyu a wuta mai ƙarfi, ya fito da tauri, ga gishiri kamar me. Ina matsalar take? (Wani magidanci daga Landan)

Amsa: Malam, gaggawa ce. Ƙirji nama ne mai jijiya, kuma jijiya ba ta narkewa sai da ƙaramar wuta da dogon lokaci; tafasa mai ƙarfi tana matse naman ne, ruwansa ya tsiyaye. Ka wanke shi tukuna, ka jiƙa a ruwan sanyi awa 2, kana sauya ruwan. Sa shi a tukunya da sabon ruwa ya sha kansa, da albasa 1, ba gishiri, ba magi. Da ya tafaso ka kwashe kumfar, ka rage wuta ta yadda ruwan zai riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ka rufe. Kilo 2 kan ci awa 3 zuwa 3 da rabi. Idan ka soka cokali mai yatsu ya shige ba gardama, ya yi.

Sauran matsalar wuƙa ce. Ka bar shi ya huta minti 15, sannan ka duba inda zaren naman ya miƙe, ka yanka a gicciye. Wanda ya bi zaren, ko naman ya yi laushi sai ya sha tauna.

Tambaya: A nan gida ba na samun wancan gishirin adana naman. In sa kanwa? (Amarya daga Kano)

Amsa: A'a, amarya, kanwa ba ta wannan aikin. Ki yi da gishirin girki kaɗai, kwana 5. Naman zai fito toka-toka maimakon ja, ɗanɗanon kuwa na nan. Abin dubawa shi ne wuta: dole firij ya tsaya ƙasa da digiri 4 na ma'aunin Celsius dare da rana. In ana ɗauke muku wuta ba inji ba sola, ki haƙura da wannan girkin.

Tambaya: Kabejina yakan yi lugub, gidan ya ɗauki wari. (Wata ɗaliba daga Chicago)

Amsa: Kin sa shi da wuri ne, 'yar uwa. Kabeji in ya daɗe a wuta yana sakin sinadarin farar wuta, warin ke nan. Ki tsame naman ki rufe, sannan ki ɗanɗana romon. In gishiri ya yi yawa, ki rage ki ƙara ruwa. Dankalin turawa rabin kilo da karas 4 su fara shiga, minti 15. Sai kabeji, a raba shi gida 8 ba tare da an cire zuciyar ba, ita ke riƙe ganyen kada ya watse. Minti 12 zuwa 15 ya ishe shi, tukunya a buɗe. Su 'yan Ayalan da mastad suke ci; mu dai mun fi so da ɗan yaji a gefe.