Kafin Ka Kai Kare Jarrabawar Ziyarar Marasa Lafiya

Ka tambaye ni game da karen nan da mai shi take son a shirya shi don jarrabawar karnukan da ke ziyartar marasa lafiya suna ɗebe musu kewa. Ka ce ya iya zama, ya iya kwanciya, in an ce ya tsaya yana tsayawa, in an kira shi yana zuwa, saboda haka kana son sanin abin da ya rage ka ƙara masa. To ɗana, duk abin da ka lissafa kowane kare mai lafiya zai koye shi cikin 'yan makonni. Abin da masu jarrabawar suka fi zuba wa ido shi ne ko karen yana son baƙin mutane har cikin ransa, da kuma ko mai riƙe da igiyarsa tana gane lokacin da ya gaji da su.

Fara da gwada halinsa kafin ka ɓata lokacinka da nata. Ka sa wanda karen bai taɓa gani ba ya zauna a kujera, a sassauta igiya, kowa ya yi shiru. Duba ko zai nufi mutumin da kansa, jiki a sake, wutsiya na kaɗawa a hankali. In ya je, mutumin ya shafa ƙirjinsa kamar daƙiƙa uku, sannan ya janye hannu. Karen da ya dace da aikin zai ƙara matsowa, ko ya tura kansa ƙarƙashin hannun yana neman ƙari. Mai tsoro zai ja baya, kuma shi ba ya ba da wahala, kowa na ganinsa. Wanda nake son ka lura da shi sosai shi ne na tsakiya, mai haƙuri kawai. Zai tsaya cak a taɓa shi domin an hore shi ya tsaya, amma kansa a juye gefe, baki a rufe gam, yana jiran a gama. Irin wannan yakan ci jarrabawa, kuma shi ne wanda wata rana haƙurin zai ƙare masa a hannun yaro. Hali zanen dutse ne. Mafi yawan sabon kare da mutane yana kafuwa ne tun yana kwikwiyo, daga mako na 3 zuwa wajen na 14, kuma horo daga baya yana rage tsoro amma ba kasafai yake haifar da ƙauna ba.

Sai ka tambayi mai karen ina take son zuwa ziyarar, domin kowane asibiti ko gidan kula da tsofaffi yana da ƙungiyar da yake karɓar takardarta, kuma jarrabawoyin ba ɗaya ba ne. A Amurka akwai Therapy Dogs International da wata ma'aikaciyar jinya, Elaine Smith, ta kafa a 1976, akwai Pet Partners da ta samo asali a 1977, akwai kuma Alliance of Therapy Dogs wadda bayan gwaji sai an bi ku ziyara uku ana kallo kafin a yi muku rajista. A Birtaniya akwai Pets As Therapy tun 1983. Pet Partners ba ta karɓar karen da bai kai shekara ɗaya ba, ko wanda bai yi wata shida tare da mai shi ba, ko wanda ake ciyarwa da ɗanyen nama, saboda ƙwayoyin cutar da zai iya kai wa masu raunin garkuwar jiki. Kuma duk shekara biyu ake sake jarrabawar. Ka kuma gaya mata tun yanzu cewa wannan takardar ba ta mai da shi karen hidima irin mai yi wa makaho jagora ba. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 karen hidima ta ba wa damar shiga wuraren jama'a. Karen ziyara sai inda aka gayyace shi. Mutane da yawa suna zuwa da wannan zaton, gara ta ji daga bakinka.

Don harsashi, ɗauki jarrabawar Canine Good Citizen da ƙungiyar masu karnuka ta Amurka, American Kennel Club, ta fito da ita a 1989. Abu goma ne, ciki har da tafiya da sakakkiyar igiya, ratsa taron mutane, wuce wani kare ba tare da kula shi ba, da zama da baƙo minti uku mai shi ba ta wurin. Ba ita ce takardar ziyara ba, amma karen da ya kasa ta bai isa a yi maganar asibiti da shi ba. Ka san yadda ake koyar da waɗannan, ba zan tsaya a kansu ba.

Inda aikinka yake shi ne abubuwan da kare ba ya gamuwa da su a gida. A jarrabawar Pet Partners za a shafa shi da hannu mai nauyi marar saiti, kamar na wanda jikinsa ya shanye. Za a rungume shi a riƙe. Wani zai nufo shi yana tangaɗi yana wurga hannuwa, wasu za su yi ta ɗaga murya kamar masu faɗa, a bangaje shi ta baya, mutane da yawa su kewaye shi suna taɓawa a lokaci guda. Ba a ce kada ya razana ba. Ana duba yadda yake saurin dawowa hayyacinsa ne.

Hanyar koyarwar guda ce, nisa da lada, wato ɗan abincin da yake so. Ɗauki keken guragu. Ranar farko a ajiye shi a kusurwa, babu kowa a kai, karen ya shinshina in ya ga dama, ka ba shi lada. In ya daina damuwa da shi, a tura keken daga can nesa, duk lokacin da ya kalle shi bai tayar da hankali ba, lada. Sai a rage nisan kaɗan kaɗan, sai a sa mutum a kai, sai mutumin ya miƙo hannu. Ma'auninka shi ne cin ladan. In kare ya ƙi karɓar abin da yake so, ko ya fizge shi da ƙarfi, ka matso da yawa, koma baya. Haka za ka yi da sandunan dogarawa, da tiren ƙarfe da aka saki ya faɗi, da daɓe mai santsi, da lif, da mai sanye da takunkumin fuska. Kada ka taɓa jan shi da igiya zuwa ga abin da yake tsoro don wai ya saba. Zai yi shiru, ka ɗauka ya saba, alhali ya sallama ne kawai.

Umarnin da na fi ba muhimmanci shi ne "bar shi". A ɗakin majiyyata ƙwayar magani takan faɗi ƙasa, kuma maganin ciwon jiki irin ibuprofen na iya lalata wa kare ciki da ƙoda. Fara da abinci a dunƙulallen hannunka. Zai lasa, zai tona, ka yi shiru. Da zarar ya janye hancinsa, ba shi lada daga ɗaya hannun. Abin da aka ce ya bari ba a ba shi, ko da daga baya. Daga nan a ƙasa ƙarƙashin takalminka, sannan a fili, sannan kuna tafiya ku wuce ta kansa.

Tsalle kan mutum, ɗora ƙafar gaba, da kama hannu da baki ko da wasa ne, duk suna kayar da kare. Fatar tsofaffi sirara ce, wasu suna shan maganin tsinka jini, ɗan karce kaɗan sai ya zama rauni, ga kuma robar ƙarin ruwa a hannu. Koya masa ya zo ya tsaya ta gefen kujera ko gado, kafaɗarsa inda hannu zai kai, ƙafa huɗu a ƙasa. Faratansa a yanke a goge kaifin.

Yanzu mai karen. Ita ma jarraba ta ake yi, kuma a ganina rabin lokacin horon nata ne. Igiya ba ta barin hannunta, amma kuma ba ta ɗaurewa, domin ɗaurarriyar igiya na sanar da kare cewa akwai abin tsoro. An yarda ta yi masa magana, ta yabe shi, ta durƙusa kusa da shi, ana ma son haka. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne fizga, tsawa, da abin wuya mai shaƙewa ko mai ƙayoyin ƙarfe. Abinci ma ba a jan kare da shi a jarrabawa, don haka ka riƙa rage ladan a hankali tun da wuri har yabo ya ishe shi. Ɗauki bidiyonsu da waya ku kalla tare, ka tsayar ka nuna mata: ga shi yana hamma ba barci yake ji ba, ga shi yana lasar leɓe, ga haki ba zafi, ga farin idonsa ya bayyana, ga shi ya girgije jiki kamar wanda ya fito daga ruwa. Duk roƙo yake a ba shi sarari. Ta koyi shiga tsakani cikin ladabi, ta nuna wa mutum inda zai shafa, ko ta ce bari ya ɗan sha iska. Shi ya sa Pet Partners ta taƙaita ziyara zuwa awa biyu a rana, kuma sabon kare rabin awa ma ta ishe shi. In ya taɓa yin gurnani, kada a hukunta shi. Karen da aka hana gurnani yakan kai cizo ba gargaɗi. A janye shi, a nemi dalili, a dakatar da maganar jarrabawa.

Ranar jarrabawar kanta ba ta da wuya. A yi masa wanka a taje shi, a riƙe takardar likitan dabbobi da ta allurar rigakafin ciwon haukan kare, a zagaya da shi ya rage ƙarfi ya kuma yi fitsari, domin yin sa a cikin ɗaki faɗuwa ce. Ku isa da wuri ya saba da ƙamshin wurin. In Pet Partners ta ce bai shirya ba, ana iya sake zuwa bayan ƙarin horo. Sakamakon da ba a so shi ne a ce bai dace da ziyara ba, kuma wanda aka gaggauta kaiwa ne yakan samu wannan.

A wannan makon kada ka koya masa komai. Yi gwajin kujerar nan da mutane daban daban, namiji mai babbar murya, tsohuwa mai sanda, matashi mai hula, ka ɗauki kowanne a bidiyo ka kawo mini. In mun ga yana neman ƙari, mu fara da keken guragu. In mun ga haƙuri kawai yake yi, kai za ka zauna da mai shi ka gaya mata, ni ina gefe, sannan mu duba mata wasan bin ƙamshi, wanda kare ke yi shi kaɗai ba mai taɓa shi.