Tambayi Lauya: Ya rantse ya yi min ƙarya a kotu, me ya sa ba a kama shi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Dan Allah ina da shari'ar bashi da wani, sai ya kawo abokinsa shaida, mutumin nan ya rantse a gaban alƙali wai a gabansa na karɓi kuɗina, alhali wallahi ko ganinsa ban taɓa yi ba kafin ranar. Alƙali dai bai yarda da shi ba, ni na yi nasara, amma aka bar shi ya fita abinsa yana dariya. Shin babu hukunci ne a kan irin wannan? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Hukunci kam akwai, kuma mai tsanani ne. Shaidar zur laifi ne babba kusan ko'ina a duniya. A kundin Final Kod, wato dokar laifuffuka ta Arewacin Najeriya, sashe na 158 ya tanadi ɗauri har shekara 14 da tara, kundin laifuffuka na Kudu shi ma 14 ɗin ne a sashe na 118, in kuwa ƙaryar don a sa a yanke wa wani hukuncin kisa aka yi ta to abin zai iya kai ɗaurin rai da rai. A Ingila shekara 7 ce a dokarsu ta 1911, Amurka kuma 5 a matakin tarayya.

To amma kin ga, alƙali ya ƙi yarda da shaida daban, a tabbatar mutum ya yi shaidar zur kuma daban. A shari'arki ta bashi alƙali auna maganganu kawai ya yi ya ga taki ta fi nauyi, shikenan. Shi kuwa laifi sai an tabbatar da shi ba tare da wani kokwanto ba, wato a nuna ya yi rantsuwa, abin da ya faɗa ƙarya ne, kuma da saninsa ya faɗa ba mantuwa ko ruɗewa ba, nan ne ma ake shan wuya don mutum yana iya cewa ai rana ce na rikita, ko wata matar ce na ɗauka ke ce. Sannan a ƙasashe da yawa bakin mutum ɗaya ba ya isa a ɗaure wani kan shaidar zur, sai an samu ƙarin abin da ya goyi baya, ko takarda ko wani shaidan. Ni dai a ganina wannan sharaɗin daidai ne, da ba don shi ba duk wanda ya ci shari'a sai ya juya ya ɗaure shaidun abokin gabarsa, gobe babu mai yarda ya zo kotu ya buɗe baki.

Shi ya sa galibi sai ƙaryar ta bar sawu ake kama mai ita. Jeffrey Archer, ɗan siyasar Ingila, ya ci shari'ar ɓata suna da jaridar Daily Star a 1987 aka ba shi fam 500,000. Sai a 1999 abokin da ya roƙa ya rufa masa asiri da ƙarya ya fito ya tona, ga kuma kundin ajiye bayanan rana na bogi, a 2001 aka ɗaure Archer shekara 4 kan shaidar zur.

Saboda haka abin da za ki fara yi, ki sa lauyanki ya nemi kwafin bayanan zaman kotu mai hatimi, don a ga ainihin kalmomin da ya furta, ba yadda kike tunawa ba. Sai ki duba ranar da ya ce an ba ki kuɗin, ina kike? Shi kuma yana ina? Tikitin tafiya, rajistar wurin aiki, bayanan banki, saƙon waya, duk suna aiki. Da wannan za a rubuta ƙorafi ga 'yan sanda ko ofishin antoni janar, don gurfanarwa aikin hukuma ne, ke mai ƙorafi ce kawai. Kuma ki sa sunan wanda ya kawo shi a ciki, don wanda ya sa wani ya yi shaidar zur shi ma laifin na hawa kansa. In babu komai sai maganarki da tasa, gaskiya ba na jin masu gabatar da ƙara za su ɗauka.