A wanke injin mota da feshin rairayi?

Tambaya: Malam, na kwance injin tsohuwar Peugeot 504 ta mahaifina. Wani mai walda nan Tawa ya ce in kawo ya fesa wa kayan rairayi da kwampireso, su fito fes. In kai masa?

Amsa: Ɗan'uwa, kai masa abin da mai ba ya ratsawa, kamar bututun hayaƙi da ƙafafun inji. Sauran kuwa, dakata tukuna.

Feshi yana cire tsatsa, amma ƙwayoyin rairayin suna maƙalewa cikin hanyoyin mai. Ranar da ka tada inji mai ya ɗumama, sai ya kwaso su ya kai wa bilbirka, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, da kusine, wato faifan ƙarfen da take juyawa a kansu. Na taɓa buɗe wani inji da aka yi wa feshi a garejina na Yamai, sati biyu bayan gyara, kusinensa kamar an goge su da dutsen niƙa.

Kulas ɗin 504, wato kan injin, alminiyam ne, rairayin gulbi zai ci shi. Feshin garin bikarbonat, wato farin garin soda, ya fi masa, domin ruwa yana narkar da shi. Kada feshi ya taɓa cikin silinda, ko fuskar da juwan yake zama, wato shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin kulas da jikin inji, ko murfin da ke da ƙarfe manne a ciki.

In za a yi wa kulas ɗin feshi, fara wanke maiƙon, toshe kowane rami. Bayan feshi, cire matosan, bi hanyoyin mai da siririn buroshi da ruwan zafi da sabulu, busa iska, maimaita har farin tsumma ya fito fari.

Mai waldar kuma ya sa abin rufe hanci na gaske. Ƙurar rairayi tana lalata huhu, rawani ba ya tare ta.